Aisha Biyu a Gida Ɗaya

…ai ta haɗu. Ga fitila koriya nan. Kwamfutar Balaraba ta shigo daga Kajiji ta VPN, ɓoyayyar hanyar da Bahijja ta shimfiɗa mata har ofishin ƙungiyar manoman albasa a Bodinga. An ba ta adireshi kamar kowa. To me ya hana ta ganin saba, babbar kwamfutar ofis? Ta shigo gida, ko ɗaki ɗaya ba ta gani.

Shugaba kuwa ya gama magana: in la'asar ta yi abu bai yi ba, Balaraba ta dawo hawan babur kullum, ko ta bar aikin. Da jaririya a baya? A wannan hanya mai ramuka? Haba dai! Kuma Bahijja ce ta bugi ƙirji, ita da bakinta da ba ya shiru — "Ranka shi daɗe, bar mini." To ga shi an bar mata. Tsoro take ji, wallahi tsoro.

Bahijja ta kira sabar da lambarta ta cikin kwamfutar Balaraba, wadda take sarrafawa daga nan ofis, an amsa… an amsa? Da wannan sauri? Daga Kajiji, inda sabis sai an hau tudu? Wa ke amsawa?

"Aisha!" — muryar Inna, kakarta, ta faɗo mata a rai, tana tankaɗe a Sifawa. Aishar da ke kusa ta taso. "Ba ke nika kira ba, waccan ta ɗaka!" Kullum haka. Yayar Bahijja Aisha, matar Kawu Aisha, ta kusa ke amsawa, ta nesa ba ta ma san ana nemanta ba. Har tsohuwa ta gaji: daga yau ke Indo, ke Shatu, kowa shi huta…

Kai! Rawutocin nan biyu, na'urorin raba adireshi, ta ofis da ta gidan Balaraba. Shago ɗaya aka sayo su kamar ankon biki, ba wanda ya taɓa lambobin da suka zo da su. Kwamfuta na kiran Bodinga, wata waya mai lamba irin ta sabar a ɗakin Balaraba na cewa na'am!

Dariya na neman ƙwace mata. Allah ya jiƙan Inna.

Sai a sake wa na'urar Kajiji suna, a canja mata lambobi. Amma tana dannawa hanya za ta yanke, in ba ta dawo ba sai an je can, la'asar kuwa ba ta jira… Za ta dawo. In sha Allahu za ta dawo. Ladan na gyaran murya.

Ta danna. Fitila ta mutu.

Indo… ke nika kira… amsa mana —