Askar da Eliana ta bari a kan tebur

Eliana ta gaji sana'ar aska daga mahaifinta, amma ba ta taɓa yi wa kowa aski ba. Aikinta raya tsofaffin asake. Takan bi kasuwar 'yan gwanjo ta Valparaíso, birninsu na bakin teku, ta tsinto waɗanda iskar teku ta cinye da tsatsa, ta kankare su, ta sauya ƙotar da ta ruɓe da ta ƙaho ko ta katako, sannan ta zauna gaban dutse tana wasawa har sai askar ta yanke silin gashi a iska.

Mahaifin nata, Don Nibaldo, shi ne wanzamin unguwar a da. Yanzu gigin tsufa ya kama shi. Wani lokaci ya kira ta da sunan mahaifiyarta da ta rasu, kuma cokali ma rawa yake a hannunsa. Shi ya sa kullum take kulle asaken a akwati.

Ranar Lahadin nan ta gama wata askar Jamus mai baƙar ƙota, tana cikin goge ta, maƙwabciya ta ƙwala mata kira wai iska ta kwashe mata shanya zuwa rufin gidan da ke ƙasa da nasu. Ta ajiye askar ta fita da gudu.

Da ta dawo rungume da zannuwa, sai ta ji ƙamshin sabulun aski tun daga ƙofa.

Mijinta Ramiro yana kan tsohuwar kujerar askin da suka ajiye a falo, inda ya saba barci bayan abincin rana. Fuskarsa duk kumfa. Idonsa biyu, a buɗe tar, amma ko yatsa bai motsa ba. Tsohon na tsaye a kansa, tawul a kafaɗa, ya ɗaga masa haɓa da yatsu biyu, askar na kwance a wuyansa.

Ihu ya taso mata, ta haɗiye shi. Ta san kaifin nan, ita ta yi shi da hannunta. Firgita ɗaya ta isa ta sa tsohon ya yanke masa wuya.

"Sannu da aiki, Baba," ta ce a hankali.

"Yawwa. Kada ki tare mini haske." Bai ko waigo ba. "Dubi gemun bawan Allahn nan, kamar tsintsiyar share jirgi. Matarka ba ta kore ka ba, saurayi?"

Ramiro ya haɗiyi yawu, maƙogwaronsa ya motsa a ƙarƙashin ƙarfen.

"Kai, tsaya cak mana."

Askar ta hau sama, ta kwashe kumfa da gashi, ta bar fata sumul. Hannun bai yi rawa ba ko kaɗan. Eliana ta saki zannuwan a ƙasa ba tare da ƙara ba, ta fara matsowa. Ta ce a ranta wataƙila ya gama lafiya, wataƙila hannun ya tuna abin da kai ya manta.

Sai tsohon ya tsaya, askar na daidai jijiyar wuya.

Ta ga fuskarsa ta sauya. Ya dubi kumfar, ya dubi mutumin da ke kwance, ya dubi ɗakin kamar yau ya fara ganinsa.

"Wane ne wannan?" ya tambaya, muryarsa ta ƙanƙance. "Me yake yi a gidana?"

Rawar hannun ta dawo. Wani jan layi siriri ya fito a cikin farar kumfar, ya fara gangarowa. Ramiro ya runtse ido.

Idan ta cafke hannun, zai fizge. Idan ta ce masa surukinsa ne, zai yi musu. Idonta ya faɗa kan doguwar fatar goge aska da ke rataye a jikin kujerar. Ta kamo bakin fatar, ta miƙe ta sosai a gabansa.

"Baba, askar tana ja. Ba ka ji ba? Ka ɗan goga ta."

Ya dubi fatar ya daɗe.

"Tana ja," ya maimaita. "Na ji."

Ya ɗaga askar daga wuyan. Kafin ta sauka kan fatar, Eliana ta riƙe masa wuyan hannu, ta zare ta da ɗaya hannun. Bakin askar ya tsaga mata tafi, ba ta ma ji ba sai da ta ga jini a riga.

Ramiro ya zame daga kujerar ya zauna a ƙasa, yana dafe da wuya, yana haki. Yankan bai yi zurfi ba.

"Wa ya ji miki ciwo?" tsohon ya tambaye ta, idonsa ya ciko.

"Ni ce da garajena, Baba. Zo ka zauna, in kawo maka shayi."

Likita ya ɗinke mata tafin da yamma. Da suka hawo tudu suka kai ƙofar gida, Ramiro ya ce gobe zai kwashe kayan aikinta zuwa ɗakin ajiyar ƙanensa da ke bakin tashar jiragen ruwa. Ba ta yi gardama ba.

Suka tarar da maƙwabciyar tana ba tsohon burodi da man shanu. Ya ɗago ya ƙare wa Ramiro kallo, da rabin gemunsa da bandeji a wuya, ya girgiza kai.

"Wanda ya yi maka askin nan bai iya ba," ya ce. "Kada ka koma wurinsa."