Ƙurajen Kaka

Da sandar tsintsiya surukarta ta turo farantin abincin, ya taho yana ƙugi a kan siminti har ya tsaya a gindin katifa. Romo ya ɗan fantsama a ƙasa. Kaka ta dubi farantin, ta ɗaga kai ta dubi hannun da ke riƙe da sandar, sanye cikin safar roba.

"Ki yi haƙuri, Mama, kin ga halin da nake ciki," in ji surukar, ɗaya hannun na tallafe da tsohon cikinta.

Kaka ta ce ba komai, Allah ya raba lafiya. Aka ja ƙofa.

Ɗakin ajiya ne a ƙarshen tsakar gida. An ture tsohuwar fanka da keken yara mai taya ɗaya da ragowar gwangwanayen fenti gefe, aka shimfiɗa mata katifa a inda ya rage. Taga ɗaya ce, ita ma sai ta yi ɗage take hango igiyar shanya.

Bayan rasuwar mijinta ne ɗanta ya ɗauko ta, ya ce ta zo ta huta. Hutun da ta tarar shi ne rainon jikarta, wadda ta laƙaba wa Tsuntsuwa saboda tsattsagar abincinta. Uban ya fita shagonsa na gyaran firji, uwar ta tafi makarantar da take koyarwa, gida ya rage daga Kaka sai ƙawarta Tsuntsuwa. Ita ke wanka, ita ke kitso, ita ke goyo har ƙafafun yarinyar suka fara dukan gwiwarta. In ta ce, "Ƙawata, kin yi nauyi, yau ke za ki goya ni," sai Tsuntsuwa ta juya mata ɗan bayanta ta ce ta hau. Kaka ba ta taɓa kiran wannan wahala ba.

* * *

Ciwon da raɗaɗi ya fara, ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, kamar an ɗora mata garwashi a cikin fata. Ta gaya wa ɗanta yana ɗaura takalmi. Ya ce tsufa ne, da yamma ya kawo mata man zafi. Ta sake gaya masa, ya ce bari aiki ya lafa. Sai da ƙuraje masu ruwa suka feso suka yi layi daga ƙirji zuwa gadon baya, a gefe guda kamar rabin ɗamara, sannan aka nemi mota.

Likitar mace ce, ga haƙuri. Ta tambayi Kaka ko ta yi ƙarambau tana yarinya. Kaka ta yi dariya duk da zafin, ta ce wa ya tsallake shi a zamaninsu? Likita ta ce to shi ne bai fita ba; kwanciya ya yi a cikin jijiya shekara da shekaru, da jiki ya yi rauni ya farka. Ta ce da sun zo a kwanakin farko da magani ya fi kama shi, kuma akwai allurar rigakafinsa da ake yi wa manya. Ta yi bayani dalla-dalla: a rufe wurin, a riƙa wanke hannu, mai ciki da wanda bai taɓa ƙarambau ba su guji taɓa ruwan ƙurajen. Da zarar sun bushe sun yi ɓawo, shi ke nan, ba mai ɗauka.

Sai ta juya ga ɗan ta tambaya ko an yi wa 'yarsa rigakafin ƙarambau. Ya sosa ƙeya. Ya ce suna ta niyya, ita uwar ce ta ji ana cewa allurar na sa zazzaɓi, shi kuma shago bai bar shi ba.

A duk maganar likita, kalma ɗaya ya zo da ita gida: ana ɗauka. Ranar aka kwashe kayan Kaka daga ɗakinta.

* * *

Wata safiya ta ji kukan Tsuntsuwa, irin kukan da ba na rigima ba. Yarinyar da ke manne da ita kafin kowa ya san mene ne, ƙarambau ya fito mata har cikin kunne.

Ta bango ta ji surukarta na gaya wa tata yayar, wadda aka kira don jinyar yarinyar, cewa tsohuwar ce ta shafa wa yarinya. Yayar ta ce ai irin wannan ciwon mai zagaye jiki ba a rasa wani abu a bayansa, a dai bincika. Batun allura ba wanda ya tayar.

Da ɗanta ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, Kaka ta roƙe shi a kawo mata yarinyar. Ta ce ciwonsu ɗaya, ba abin da za ta ƙara mata, kuma mai cikin ta samu ta nisanta.

"Mama, abin da ya faru bai isa ba?" ya ce, idonsa na kan fanka. "Da kin faɗa da wuri, da duk ba a kai nan ba."

Kaka ta tuna lokacin da shi ya yi nasa ƙarambaun yana ɗan yaro, yadda ta yanke masa farce, ta riƙe hannayensa biyu cikin nata don kada ya sosa, tana hura masa iska a baya har bakinta ya bushe. Har yanzu akwai ɗan tabo ɗaya a saman girarsa. Tabon take kallo sa'ad da ya ce za a ƙaro mata ruwa, ya juya.

Kwana da kwanaki Tsuntsuwa na kiran "Kaka", ita kuma tana amsawa a hankali daga kan katifa, yadda ba mai ji. Daga baya kiran ya ragu. Daga baya ya tsaya.

* * *

Ƙurajen suka bushe, ɓawon ya zube, likita ta ce ta koma cikin iyalinta. Zafin ne kawai ya ƙi tafiya. Ko riga ta goge wurin sai ta cije leɓe. Ɗanta ya ce a bari dai a haihu tukuna, don hankalin kowa ya kwanta. Aka sa Tsuntsuwa a makarantar raino. Aka zo aka ɗebi gwangwanayen fenti daga gefen katifarta, ta ji ƙamshinsa na fitowa daga ɗakin da yake nata a da.

Ranar da aka dawo daga asibiti da jariri, gidan ya cika da mata. Kaka ta yi wanka, ta sa rigarta mai laushi, ta ɗaura sabon ɗankwali, ta zauna a bakin katifa tana jira a kira ta. Ta ji takun ɗanta, ta yunƙura za ta tashi.

"Zauna abinki, Mama. Namiji ne. Ga shi ki gani."

Wayarsa ya miƙo mata daga bakin ƙofa. Jariri ne ja wur cikin farin tawul, ya dunƙule hannu a gefen kunci, hancin kakansa sak. Kukansa na ainihi yana tahowa ta tsakar gida, daga ɗakin da ke kallon nata.

Wani ya ƙwala wa uban kira, ya ce yana zuwa, ya bar mata wayar. Ta riƙe ta da hannu biyu, ta kai babban yatsa tana shafa kan yaron a hankali, tana masa addu'a. Hasken ya dushe, ya mutu. Ta danna nan, ta danna can, ba ta san inda ake kunnawa ba. A cikin baƙin gilashin ba kowa sai wata tsohuwa da sabon ɗankwali, tana kallon ta.