Banati Mai Karyayyen Tsini

Shekara talatin ina tara banati, wuƙar da ake ɗaura wa bakin bindiga, amma ba kowace iri ba. Sai wadda aka soke lambar soja a jikinta aka buga ta 'yan sanda. A garinmu Haskovo ana yi mini kallon mai taɓin hankali, ni kuwa ko a jikina. Guda ɗaya tak nake nema.

A gidanmu akwai gwangwanin alewa, cikinsa guntun tsinin ƙarfe. Daga haƙarƙarin kakana Ganco aka ciro shi, shekarar da masu aikin taba suka yi yajin aiki, mahaifiyata tana da shekara huɗu. Ba a taɓa sanin wanda ya soke shi har lahira ba. Daga baya kakata ta auri maƙwabcinsu Mityo, ɗan sandan da aka ce rubutu kawai yake yi a ofis. Shi ya reni mahaifiyata, kuma har yau Baba take ce masa.

Ranar wata Lahadi, Jelyu mai gwanjo ya kira ni rumfarsa.

"Tsvetan, sarkin tsatsa, zo ga irin taka. Ba tsini, kamar bakina ba haƙora. Masu yasar rijiya suka kawo."

Na kai gida, na ɗora guntun a kan karayar. Ya zauna daram.

Masu tara banati ba sa kwance ƙota, don yana kashe darajarta. Amma 'yan sandan wancan zamani sukan karce sunansu a ƙarƙashin icen, kada a musanya musu a ma'ajiya. Na kwance. Ga sunan Mityo, da irin rubutun da ya koya mini a kan cinyarsa.

Asabar ta zagayo, ranar ziyarar matattu. Na kai Mama maƙabarta da dafaffiyar alkama da giyar inabi. Shekararta casa'in da ɗaya, kuma na ƙudura ba zan faɗa mata ba. Kaburburan biyu suna jere. Ta zuba wa Ganco giya, ta juya ta zuba wa Mityo, ta shafa hotonsa. Na kau da kai, don ji na yi kamar yana kallona.

"Yau ba ka gaishe da kakanka Mityo ba," ta ce.

"Na manta, Mama."

"Kai da mantuwa? Ka same ta ke nan."

Ta rufe kwalbar a hankali.

"Ina da shekara tara na ga uwata ta jefa ta a rijiya, sannan ta koma ta zuba wa Baba Mityo miya. Mun ci, mun rayu." Ta miƙo mini alkamar. "Ungo, ci. Kuma gobe ka mayar da ita inda take. Gefen Baba Mityo za ku binne ni, ba na son in je da labari."