Zafin da Baba Davou Ya Kasa Faɗa

A bazarar 1986 Baba Davou, tsohon direban jirgin ƙasa daga Bukuru, ya zo Gaithersburg ta ƙasar Amurka ganin 'yarsa Martha. Bai yi wata ba shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi a gidan jinya.

Ɗakin kamar tanda, ga bargo an lulluɓa masa. Ya ce wa ma'aikaciyar jinya, "I am hearing hot." Ta leƙa kunnensa, ta fita.

Da Martha ta zo ta ji abin da ya faru, ta ce, "Baba, ba haka ake faɗa ba. Ku ce, I am too warm." Ya yi ta maimaitawa da karkataccen baki har ya iya.

Wata rana da hantsi zafi ya soke shi a ƙirji. A harshensa, na rana da na ciwo duk zafi ne, sai ya faɗi abin da aka koya masa. Ma'aikaciyar jinyar ta yaba Turancinsa, ta yaye bargon, ta kunna fanka. Ya bi ta da ido har ƙofa.

Martha tana wurin aiki aka kira ta. Kafin ta iso ya rasu.