Tuntun Darar Sarki

"Ta baki-baki ake riƙe shi, Sitt Nagat, ba kamar gurasa ba," in ji Amm Fahim daga kan gado.

Nagat ta gyara riƙon. Tsohon riyal ne na azurfa mai hoton Sarki Fu'ad sanye da dara. Ita dai miyar lalo ta kawo, kamar yadda take yi kullum da azahar tun da ciwon zuciya ya kwantar da maƙwabcin nata. Shekara ashirin da shida ƙofofinsu na kallon juna a hawa na uku. Sai ta tarar da abokinsa Murkus zaune a bakin gado, an haɗe rai, kafin ta ajiye kwano an danƙa mata kuɗi da ɗan gilashin ƙara girma.

Duk Iskandariyya, wanda ke harkar tsofaffin kuɗi ya san Amm Fahim na kasuwar Attarin. Har daga Alkahira ake tasowa a kawo masa tsaba ɗaya ya duba, in ya faɗi darajarta an gama magana. Murkus kuwa shagonsa ne ke kallon nasa. Kirista ne, kuma tun suna da baƙin gashi suke shan shayi tare suna musu. Wannan riyal tare suka saye shi shekara talatin da ɗaya da suka wuce, cikin akwatin wata tsohuwa 'yar Girka da za ta koma ƙasarsu. Murkus ya ce bai taɓa shiga hannun mai cefane ba, daraja ta ƙoli ce. Fahim ya ce mataki ɗaya ƙasa da haka. Da yake ba su daidaita kan abin da za a rubuta a takardarsa ba, sai ya ƙi sayuwa, ya zauna cikin auduga a shagon Murkus. Kowa a layin ya haddace rigimar, Nagat ma ta sha jin ta ta bango.

Yau kuma Murkus ya hawo benen da haki, ya ce ya sake dubawa, Fahim ne da gaskiya. Abin da ya ɓata wa tsohon rai ke nan.

"Sadaka ka kawo mini don ka ji an ce zan mutu? Ajiye abarka. Ga mai ido nan, ita za ta raba mu."

Yanar ido ta rufe wa Amm Fahim gani tun bara. Nagat kuwa tela ce, ta haura sittin amma har yanzu tana zura zare a allura ba tabarau. Ta ce ita ba ta san komai a kai ba. Ya ce shi ya sa ya zaɓe ta.

Ya sa ta buɗe taga, ta tsaya inda rana ke faɗowa, ta karkata kuɗin a hankali. Ya tambaye ta ko hasken tsayawa yake wuri ɗaya ko zagayawa yake yi. Ta ce yana zagayawa, kamar ruwa a faranti. Ya ce ƙyallin da ya fito da shi daga maƙera ke nan, hannu kan cinye shi da wuri. Sai tuntun dara, don nan ne kuɗi kan fara suɗewa: zaren ya haɗe ko ana iya rarrabe shi? Ta kai gilashin kusa, ta ɗauke numfashi. Kowane zare na nan daban, har ta ji sha'awar aikin. Ta duba ƙarshen gashin bakin sarkin, ta duba kunne, ta bi gefen kaf ba ta ga inda ya bugu ba. Murkus ya fara gyara zama yana shafa gwiwa.

"To, duba filin da ke gaban hancinsa, inda babu rubutu. Ki juya wa taga baya kaɗan."

Da farko ba ta ga komai ba. Da ta ƙara karkatawa sai ga su, layuka huɗu sirara kamar silin gashi, duk sun nufi gefe ɗaya. Ta faɗa. Murkus ya ce ai ya san da su, daga maƙera suke, sau nawa zai faɗa.

"Ba daga maƙera suke ba," in ji Amm Fahim. "Ni na yi su."

Ya ba da labarin yana kallon rufi. Ranar da suka sayi akwatin, Murkus ya sauka neman mai amalanke, shi kuma ya ga ƙura a fuskar riyal ɗin, hannunsa ya riga hankalinsa, ya goga da hannun rigar ulu. Shi da ke korar mutane daga shago in sun goge kuɗi. Kunya ta hana shi faɗa, sanin abin da ya yi kuma ya hana shi sa hannu a kan daraja ta ƙoli. Don haka Murkus bai yi kuskure ba, kuɗin bai taɓa zuwa kasuwa ba. Shi ma bai yi ƙarya ba, mataki ɗaya ne ƙasa.

Nagat ta zaci za a yi faɗa. Murkus ya daɗe yana kallon abokinsa, sai kafaɗunsa suka fara rawa, dariya ta ƙwace masa har da tari.

"Shekara talatin da ɗaya kana ce mini makaho a gaban jama'a, tsohon banza."

"Ka yafe?"

"Layukan na yafe. Makahon ne sai na yi shawara."

Suka sa Nagat ta rubuta takardar da rubutunta mai kyau: bai shiga hannu ba, an goge shi sau ɗaya. Amm Fahim ya ce a ƙara sunan wanda ya goge, Murkus ya ce ba za a ɓata wa kaya suna ba. A wannan rana Amm Fahim ya shanye miyar tas, har ya ce tafarnuwar ta yi kaɗan. Nagat ta koma ɗakinta da kwano wayam, abin da rabonta da gani tun watan jiya, tana ta murmushi ita kaɗai.

Amm Fahim ya ƙara kwana huɗu. 'Yarsa Hanan ta zo daga garin Tanta, Murkus kuma kullum da la'asar yana nan, suna musu kan wasu kuɗaɗen da aka sayar tun kafin a haifi Hanan. Ranar Alhamis da hantsi Amm Fahim ya sha rabin kofin hulba, ya ce a gyara masa matashi zai ɗan runtsa. Ba a jima ba Hanan ta ƙwanƙwasa ƙofar Nagat a hankali. Nagat na ganin fuskarta ta yi salati, ta ja ta jikinta.

Bayan azahar aka yi masa salla a masallacin bakin layi. Nagat na tsaye a baranda da sauran mata lokacin da aka fito da makara. Murkus, da ya jira a ƙofar masallaci da hularsa a hannu, ya kutsa cikin mutane, aka matsa masa. Gajere ne, masu ɗaukar duk sun fi shi tsawo, kafaɗarsa ba ta kai katakon ba. Sai ya ɗaga hannu ɗaya ya dafa gefen makarar, yana tafiya da ɗage, har suka sha kwana.