Baba a Mataki na Tara

Ni na rubuta tsarin da hannuna, don haka ba ni da wanda zan ɗora wa laifi. Matakai tara ne a farin allon da na kafa a bangon ɗakina. Na ɗaya labari, na biyu zane, haka har na tara, sauti. A wani bidiyo na ji cewa mai koyon haɗa wasan kwamfuta ba ya tsallake mataki, ni kuwa na riƙe maganar gam.

Wasan namu na tuƙin babbar mota ne a hanyar dutse. Ni ke rubuta wa kwamfuta umarni, ƙanwata Auta ke zane. Babanmu, wanda ya shekara talatin yana jan tirela kafin ciwon baya ya zaunar da shi, shi ne zai zama muryar tsohon direban da ke gefen mai wasa yana yi masa faɗa. Da muka gaya masa, ya yi kamar bai ji ba. Washegari sai ga shi da takarda, ya rubuto maganganu har arba'in.

Daga ranar gida ya shiga uku. "Sassauta, ɗan nan, kwana ce!" Haka yake gwadawa a falo, a banɗaki, har a bakin ƙofa. Mama ta ce ko tukunya ta ɗora sai ya ce mata ta koma giya ta biyu, kamar mota take tuƙawa.

"Yaushe za a ɗauki muryar tawa?" ya tambaye ni.

"Baba, kai mataki na tara ne. Muna na uku."

"To, Allah ya kai mu tasha ta tara."

Auta ta ce, "Yaya, ga waya, mu ɗauka yanzu mana. Minti goma ne fa."

"Da waya? Ga fanka, ga babura? Sai mun samu makirufo na gaske." Har da yi mata kallon wadda ba ta san aiki ba.

Sai na shiga ƙari. Na ce a sa ruwan sama. Na ce a sa awaki masu tsallaka titi, da gidan mai, da gari guda mai gadoji. Auta ta zana awaki kala shida, alhali motar kanta da ta taɓa tudu sai ta nutse cikin ƙasa. Matakai suka zama goma sha bakwai, sauti yana ta gangarawa ƙasan allo. Wata goma sha ɗaya muna haka. Baba ya daina tambaya, amma takardar tana aljihunsa kullum.

Wata Talata da safe kofin shayi ya suɓuce daga hannunsa. Shanyewar ɓarin jiki, in ji likita. Yana jin komai, yana gane komai, amma maganar ta tafi, kuma ba a yi mana alkawarin za ta dawo ba.

Na bincike wayoyin gidan kaf. Abin da na samu na muryarsa saƙo ɗaya ne: "Na iso, ku buɗe ƙofa."

Auta ba ta nemi izinina ba. Ta ɗauki kwamfutar ta goge garin, da ruwan, da awakin da ta sha wahalar zanawa. Ta bar hanya ɗaya, kwana ɗaya, da akwati mai launin toka a matsayin mota. Ta ajiye mini ta ce, "Gyara tudun." Kwana tara ya ɗauke mu. Abin haushin, wasan ya yi daɗi.

Muka kai wa Baba a kujerarsa. Da hannun hagu ya tuƙa, kuma ya sassauta tun kafin kwanar, ba wanda ya gaya masa. Daidai nan rubutun da na sa tun farko na manta da shi ya fito a fuskar kwamfutar: "Muryar Baba, za a saka daga baya."

Ya karanta. Bakinsa ya motsa, ba abin da ya fito. Sai ya laluba aljihu ya miƙo mini takardar, ta yi laushi don ninkewa.

Na gyara murya na karanta, "Sassauta, ɗan nan, kwana ce."

Ya girgiza kai. Na sake da ƙarfi. Ya bugi hannun kujera, ya sake girgiza kai. Ba haka ake faɗa ba, ni ma na sani. Na ji shi ya faɗa ya fi sau ɗari, ina ce masa ya rage murya ina aiki.