Gwangwanin Hajo

A Kamarawa babu wanda bai san gwangwanin Hajo ba. Tsohon gwangwanin madara ne, yana zaune a bayan jeren kwanoninta, cike da ragowar magunguna: ja-da-yalo, farare masu tsaga a tsakiya, da wasu kafso da ko ita ta manta wa aka rubuta wa su. Ƙa'idarta ɗaya ce, kuma a wurin uwarta ta gaje ta: ba a shanye magani tas, kamar yadda ba a share rumbu har ƙasa. Da zarar mai ciwo ya miƙe ya nemi tuwo, sai ta karɓe sauran ta jefa a gwangwani, don gobe wani zai yi sallama. Kuma ana yi. Mai zawo, mai gyambo, har makiyayin da ɗan maraƙinsa ya ƙi kama nono, kowa sai ta zuba masa 'yan ƙwayoyi a tafin hannu, ya tafi yana sa mata albarka. Ita kuwa tana jin daɗin albarkar nan, ba ta ma ɓoyewa.

Mijinta Labbo shi ya fi kowa cika gwangwanin. Ya daɗe yana fama da ciwon fitsari, ya tsuguna a bayan ɗaki yana cije leɓe kamar barkono yake fitarwa. Ya ɗan sha kafso, abin ya lafa, Hajo ta adana sauran. In ciwo ya dawo a buɗe gwangwani. Tun yana lafawa wata da watanni, har ya zama kafin kasuwar Isa ta sake ci ya dawo. Bana, ana tsakar yankan gero, zazzaɓi ya kayar da shi a gona, aka kwaso shi sai asibiti a Isa.

Jinya ba ta da daɗin labari. Hajo ta shimfiɗa tabarma a baranda cikin sauran 'yan jinya, ta yi wanki, ta dama kunu, ta zubar da jakar fitsarin da aka rataya a gefen gadonsa. Aka yi masa wata allura, zazzaɓi ya ƙi sauka. Aka canja wata, ita ma kamar an zuba ruwa a rairayi. Daga ƙarshe aka ɗebi fitsarinsa aka aika Sakkwato gwaji, aka ce su jira, ga shi hanyar ba kullum take biyuwa ba. Gero yana can a gona tsuntsaye suna shagali. Hajo ta gaji, irin gajiyar da ko kuka ba ta barin mutum ya yi.

Ranar da sakamako ya iso, Malama Surayya, ma'aikaciyar jinyar da ke kula da ɗakin maza, ta ja ta gefe. Ita ma idanunta sun yi zuru-zuru.

"Inna, kahin ku zo nan, mi Baba shika sha?"

Hajo ta kwance bakin zanenta ta fito da ƙwayoyin gwangwani har da ɗan alfahari, don ba ta baro gida hannu sake ba. Surayya ta dubi ƙwayoyin ta sauke numfashi.

"Duk waɗanga, cutar da ke jikinai ta san su. Duk sadda yas sha rabi yab bari, ƙwayoyin cuta masu rauni ka mutuwa, masu taurin kai su saura su yaɗu. Yanzu su ɗai sunka rage. Cikin abin da anka gwada, magani guda ɗai ka kama su. In shi ma sunka saba da shi, ban san mi za mu ba shi ba. Kuma ciwon ya hwara taɓa ƙoda."

"To ai yakan ji sauƙi, ɗiyata."

"Jin sauƙi daban, warkewa daban. Don Allah Inna, wanga karon a shanye shi duka. Ko ƙwara guda kar ta bar gidanku."

Hajo ba ta gane bayanin duka ba. Amma ta gane ƙoda, ta kuma gane bayan wannan babu wani.

Sabon maganin ya kama. Zazzaɓi ya sauka, aka cire robar fitsarin, aka sallame su da kwalin ƙwayoyin da zai ƙarasa a gida. Suna isa Hajo ta ɗauko gwangwaninta ta juye shi a masai. Ta ji kamar zakkar wani ta zubar.

Ba a jima ba maƙwabciyarta Adda ta shigo, ta yi gaisuwar jiki, sannan ta rage murya. 'Yarta Mardiyya ce ke fama da zafin fitsari, ko za a ɗan taimaka da na asibitin nan da aka ce yana da ƙarfi.

"Adda, ki yi man haƙuri, wanga ba ya rabuwa. Ki kai ta Isa a duba ta."

Adda ta daɗe tana kallonta. "Ashe har rowa aka koyowa asibiti," in ji ta, ta shuri takalmanta.

Maganar ta soki Hajo. Tun da aka kawo ta gidan nan ba a taɓa kiranta marowaciya ba. Ta haɗiye, ta cusa kwalin a ƙarƙashin katifa. Washegari ta ba Labbo na safe, ta tafi gona kalar abin da tsuntsaye suka rage.

Da la'asar ta dawo ta tarar da shi zaune a inuwa yana tufkar igiya, fuska fes. Ta ɗaga katifa don ta ba shi na yamma. Kwalin ya yi sakayau, abin da ya rage a ciki bai wuce na yau ba.

"Malam, ina maganin?"

"Adda tad dawo," in ji Labbo, ko kai bai ɗago ba. "Ni nib ba ta. Ai na ji sauƙi, Hajo. Haba, a ce an zo gidanga neman magani an koma hannu sake? Ke da kanki kinka saba muna da haka."

Ta yi waje ko mayafi babu. A gidan Adda ta tarar Mardiyya ta riga ta sha, an kuma ɗibar wa wata surukarsu da ke Tozai, mai kabu-kabu ya tafi da shi tun hantsi. Adda har godiya ta yi mata, ta ce ai ta san Hajon da ta sani ba za ta canja ba.

Hajo ta juya ta dawo gida. Faɗan ma ba ta da ƙarfinsa.

Kafin a gama ɗaure gero, wata safiya tana tankaɗe ta ga Labbo ya ɗauki buta ya zaga bayan ɗaki. Ya daɗe. Ta tsayar da rariya ta kasa kunne, sai ga nishin nan da ta sani, a hankali, yana ƙoƙarin kada ta ji. Ta karkaɗe garin da ke hannunta, ta shiga ɗaki ta fara naɗe tabarmar jinya.